Amsoshin Tambayoyinku: Ramukan USB Sun Yi Mini Kaɗan a Tsohuwar Kwamfutata

TAMBAYA: Malam, ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a cikin garin Gaya. Kwamfutar da nake aiki da ita ta tebur ce, HP 'yar Beljiyam, irin ta kwance ɗin nan, kuma Windows 7 ce a kanta. Ramukan USB shida gare ta, amma biyun gaba sun daina aiki, saura huɗun baya, su kuma kibod da maus da firinta da sikana sun cinye su. Idan mai filash ya zo, ko zan sa modem in duba wa yara sakamakon jarrabawa, sai na zare wani abu. Na sayi ɗan abin nan mai baki huɗu da ake jonawa, amma da na sa sikana da had-dis a jikinsa sai su riƙa ɗaukewa suna dawowa. Ƙanena da ke tura fina-finai da waƙoƙi a waya a Ajingi shi ma da wannan yake fama. Akwai yadda za a ƙara ramukan, ko dai sai mun sake kwamfuta? Daga mai shagon buga takardu, Gaya.

AMSA: Malam, kwantar da hankalinka, ba sai ka sake kwamfuta ba. An ƙera kwamfutar tebur ne tun asali yadda za a iya buɗe ta a ƙara mata kaya, kuma ramin USB yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin ƙarawa. Sai dai kafin mu je ga saye, bari in nuna maka abin da ya sa ɗan abin da ka sayo, wanda masu kaya ke kira hob, ya ba ka kunya. Idan ka gane wannan, sauran duk za su zo da sauƙi.

Kowane ramin USB abu biyu yake bayarwa: hanyar da bayanai ke bi, da kuma wuta. Kwamfutoci irin taka galibi USB 2.0 ne a jikinsu, wanda aka fito da shi a shekarar 2000. A ƙa'idarsa, rami ɗaya yana ba da wuta bolt 5, da ƙarfin da bai wuce rabin amf ba, wato miliamf 500. Iyakarsa ke nan. Hob ɗin da ba shi da cajarsa ba ya ƙirƙiro wuta daga ko'ina. Wannan rabin amf ɗin yake karɓa, ya ci miliamf 100 don kansa, ya raba wa bakunansa huɗu ɗari-ɗari. Ka ɗauka injin ban-ruwa ɗaya ne a fadama: in ka yanka masa kwalbati huɗu, ruwan bai ƙaru ba, kowane fage dai ya samu kaɗan, kuma wanda ya fi ƙishi shi zai fara bushewa. Kibod da maus ba su da ci, miliamf 100 ya ishe kowannensu har da saura. Firinta mai leza ma ba ruwanta, tunda da tata wayar wutar take zuwa. Amma ƙananan sikanoni marasa kauri, irin su Canon LiDE, ba su da wata wayar wuta, daga ramin USB suke shan komai, fitilarsu da motar da ke jan ta. Had-dis na waje, ƙaramin nan da ake sawa a aljihu, a lokacin da faifansa zai fara juyawa yakan nemi rabin amf ɗin nan gaba ɗaya ko fiye, shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu. Ka haɗa waɗannan biyun a kan hob ɗaya, sai wutar ta faɗi, na'urar ta mutu, ta sake tashi, kwamfuta ta yi ƙarar nan ta an cire an mayar. Idan ka saurara za ka ji had-dis ɗin yana wani ƙyas-ƙyas. Ka daina barinsa yana wannan kukan, domin in wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar rubutu, takardun mutane za su iya lalacewa a ciki.

Ashe ke nan ba yawan ramuka kaɗai kake nema ba, ramuka masu wutar kansu kake nema.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Juyo da bayan kwamfutar ka duba ko akwai wasu ramuka biyu masu zagaye, ɗaya shunayya ɗaya kore. Sunansu PS/2, shunayyar ta kibod ce, koren na maus. Yawancin kwamfutocin ofis na HP na wancan zamanin suna da su, kuma mutane sun manta da su. Kibod da maus masu irin wannan kan suna nan jibge a wajen masu tsofaffin kaya, kuma suna da ƙarko. Ka same su, ka kashe kwamfuta ka jona (ba a jona su tana kunne), nan take ramukan USB biyu sun dawo hannunka. In ba ka da waɗannan ramukan, akwai kibod da maus marasa waya da ke amfani da ɗan abin jonawa guda ɗaya tare, ka ga ka ceto rami ɗaya. Shi kuwa hob ɗin da ka riga ka saya, kada ka yar da shi: ka ɗora masa kibod da maus da firinta, marasa ci, ka bar wa sikana da had-dis ramukan baya kai tsaye. Wannan sauyin wuri kaɗai yakan kashe rabin matsalar. Sannan, don Allah, a daina cajin waya a jikin kwamfutar aiki. Na san da wuya ka ce wa maƙwabci a'a idan ya ga injinka a kunne kuma unguwa ba wuta, amma ka ajiye masa ekstenshan da caja a gefe. Waya ba ta cika da wuri a ramin rabin amf, ga shi cusawa da zarewa duk yini shi ke karya ramuka.

Yanzu ga biyun gaban da ka ce sun mutu. Ban yarda sun mutu ba sai an duba. Haska su da tocilan waya. A cikin kowane rami akwai ɗan harshe na roba mai ɗauke da ƙarafa huɗu. Idan harshen ya karye, ko ƙarafan sun lanƙwashe suna taɓa jikin ramin, to wannan ramin ya gama aiki, kuma yana iya jawo wa maƙwabcinsa ɗaukewar wuta, domin kwamfuta takan yanke wutar layin duka idan ta ji wayoyi sun haɗu. A kashe ta, a miƙar da ƙarafan da tsinken sakace don su daina taɓa juna, a toshe ramin da salatif. Idan kuwa harshen lafiyarsa ƙalau, abu uku nake zargi. Ƙura, wadda a ƙasarmu daga hunturu zuwa bazara ba ta bar wa kowa komai ba. Buroshi busasshe da abin hura iska sun isa. Ko wayar da ta taso daga gaban akwatin zuwa babban allo ta zare, abin da ke yawan faruwa da kwamfutar da ta sha hanya daga Legas. Ko kuma an rufe su ne da gangan. Waɗannan 'yan Beljiyam daga ofisoshi da bankuna da makarantun Turai da Amurka suke fitowa, inda masu kula da su kan kulle ramukan gaba don kada ma'aikaci ya kwashi bayanai. Da ka kunna HP, ka riƙa danna F10 (a Dell F2 ne) har ka shiga BIOS, ka nemi sashen tsaro inda aka jera ramukan USB, ka ga ko an ɓoye na gaba. In haka ne, minti biyu ya ishe ka ka dawo da su.

Daga nan sai buɗe akwati. Na san mutane da yawa suna jin tsoron wannan, kamar za su taɓa wani abu ya fashe. Amma labarin baka ya ce maƙerin da ya je gindin Dala neman tama har garin Kano ya samo suna daga gare shi, daga Gaya ya taso, don haka ban ga dalilin da zai sa Bagayi ya ji tsoron sukudireba ba. Ƙa'idojin dai kaɗan ne. Kashe kwamfuta, zare wayar wuta daga bayanta ɗungurungum, danna makunnin gaba na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita. Kafin ka sa hannu ciki, taɓa ƙarfen akwatin. Wannan ba camfi ba ne: a lokacin hunturu, da iska ta bushe, jikin mutum yana tara wutar nan da ke ɗan tsunkulinka idan ka taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe ƙananan kayan cikin allo. Akwatin fawa-fak kuwa, wanda wayar wuta ke shiga, ba a buɗe shi ko da wasa.

A ƙasan babban allon, wanda masu gyara ke ce wa bod, za ka iya ganin wasu 'yan allurai a tsaye, layi biyu, biyar da huɗu, jimla tara, an rubuta USB a gefensu. In ka samu waɗanda ba a sa wa komai ba, ka yi sa'a: kowane rukuni ramuka biyu ne da aka biya kuɗinsu ba a fito da su ba. Ana sayar da wani ƙarfe mai ramuka biyu da 'yar waya, a soka wayar a alluran, a ɗaure ƙarfen a bayan akwati. Ba ya buƙatar wata manhaja. Amma ka karanta rubutun gefen da kyau, domin alluran sauti na gaba su ma tara ne, haka na wani rami da ake kira 1394, wanda ke ɗauke da wuta mai ƙarfin da zai ƙone duk filashin da aka sa. Kuma gaskiya, a kwamfutocin HP da Dell na ofis ba kullum ake samun wannan rarar ba, kamfanonin sukan yi nasu tsarin daban. An fi samunta a kwamfutocin da aka harhaɗa.

Abin da na fi ba ka shawara a kai shi ne kati. Idan ka dubi allon ta wajen baya za ka ga wasu dogayen gurabe a jere. Iri biyu ne. Akwai tsohon, PCI, yawanci fari, wanda Intel ta fito da shi a 1992. Akwai kuma PCI Express, wanda ya fara shiga kwamfutoci wajen 2004, galibi baƙi, wani gajere ƙwarai, wani dogo mai 'yar maƙala a ƙarshe. Ba sa shiga gurbin juna, saboda haka kada ka tafi kasuwa sai ka san wanne ne a buɗe a taka. Katin PCI zai ba ka ramukan USB 2.0 huɗu ko biyar, kuma Windows 7 takan gane shi da kanta. Katin PCI Express shi ne ke kawo USB 3.0, mai shuɗin harshe, wanda aka ƙaddamar a 2008. Bambancin ba kaɗan ba ne: a takarda USB 2.0 yana tafiyar megabit 480 a daƙiƙa, shi kuwa 3.0 gigabit 5, wajen ninki goma, kuma kowane raminsa yana ba da miliamf 900 maimakon 500. Gurbin PCI Express na tsohuwar kwamfuta ba lallai ya ba da cikakken wannan gudun ba, amma ko rabinsa ka samu za ka ga canji a kwafin manyan fayiloli. Gajeren kati yana shiga dogon gurbi, kuma mafi yawanci yana aiki lafiya.

Abu uku ne ke mayar da mutum kasuwa bayan ya sayi kati, kuma daga Gaya zuwa Kano ba tafiyar da za a so a yi sau biyu a kan abu ɗaya ba ce. Na farko, tsayin ƙarfen. Ka ce kwamfutarka ta kwance ce. Irin waɗannan sirara ne, ƙarfen katin da aka saba da shi ya fi su tsayi, murfi ba zai rufu ba. Ka nemi wanda ya zo da gajeren ƙarfe a cikin kwalinsa, sukurori biyu ne kawai za ka kwance ka musanya. Na biyu, wuta. Katunan USB 3.0 masu ramuka huɗu da yawansu suna da wani baki a bayansu da ake jona wa waya daga fawa-fak, ko mai faɗin nan irin na had-dis, ko tsohon mai ƙafa huɗu. In ba ka jona ba, kati zai bayyana a kwamfuta, filash ma ya yi aiki, amma had-dis ya koma kukansa na da. Ka duba tun yanzu ko kana da wayar da ba ta aiki a ciki. Idan babu, ko dai ka ari ta na'urar DVD in ka daina amfani da ita, ko ka sayi 'yar waya mai raba ɗaya zuwa biyu. Na uku, direba. Windows 7 ba ta san USB 3.0 ba sam, sai daga Windows 8 ta 2012 aka sa shi a ciki. Don haka katin yana buƙatar manhajarsa, wadda ke zuwa a ɗan faifai. Ka dubi ɗan baƙin guntun da ke tsakiyar katin ka karanta sunan da ke jikinsa. Idan ka ga Renesas ko NEC, ko VIA, ko ASMedia, direbansu ba ya wuyar samu. In an goge sunan, ka ajiye wa mai shi kayansa.

Sakawar kanta ba wani aiki ba ne. Ka cire ƙarfen da ya toshe bayan gurbin, ka riƙe katin ta gefuna ba ta zinaren ƙasansa ba, ka daidaita shi, ka danna har ya zauna daram, ka ɗaure, ka jona wutar, ka rufe, ka kunna, ka sa direba. In hannunka bai saba ba, ka kai wa mai gyara ka tsaya a kansa ka ga yadda ake yi.

Idan kuwa duk gurabenka a cike suke, ko ba ka son buɗewa, saura hob mai cajarsa. Shi wannan yana da tasa wayar da ake sawa a soket, don haka kowane baki yana samun cikakkiyar wuta. Lissafinsa mai sauƙi ne: baki huɗu sau rabin amf, amf 2, baki bakwai, amf 3 da rabi. Ka juya cajar ka karanta. In ka ga hob mai baki bakwai da caja mai amf 1, ado ne kawai. A nan ne ma aka fi yin algus. Akwai masu rubutun 2.0 a kwali alhali cikinsu USB 1.1 ne na 1998, mai megabit 12, wanda fim ɗin gigabait ɗaya zai ci maka fiye da kwata na awa. Akwai waɗanda aka shafa wa shuɗi kawai don a ce 3.0 ne. Gane na gaskiya ba wuya: ka haska cikin ramin, na 3.0 ƙarafa tara gare shi, huɗu da wasu biyar a layi daban, na jabu huɗu ne kacal. Ka kuma tuna cewa ko hob mai caja ne, wuta kawai ya ƙara. Hanyar bayanai ɗaya ce har yanzu, duk abin da ke jikinsa ita suke rabawa.

Wannan ya kawo mu ga ƙanenka na Ajingi, domin matsalarsa ta ɗan bambanta da taka. Kai na'urori iri-iri kake son su zauna a jone. Shi kuwa wayoyi da memori yake son ya cika da sauri mutane na tsaye a kansa. Idan ya jera waya huɗu a hob ɗaya yana tura musu fim lokaci guda, kowacce kashi ɗaya cikin huɗu na gudun za ta samu. Shi kati ya fi dacewa da shi, kuma ya sa had-dis ɗin da ke ɗauke da fina-finan a ramin 3.0, ko ma ya mayar da su cikin kwamfutar. Sai dai kada ya sa rai da yawa a ɓangaren wayoyin: yawancin ƙananan wayoyin Android, har da masu sabon bakin nan na USB-C, a gudun 2.0 suke karɓar kaya. Zare memori a sa a kad-rida mai kyau yakan fi sauri. Kuma wayar USB mai kauri, gajera, ta fi doguwa siririya. Ƙa'idar USB 2.0 ma ba ta yarda waya ta wuce mita 5 ba. In da sola yake aiki, cajar hob ba ta da wani nauyi, wat goma zuwa ashirin ne.

Akwai wani abu da ke kashe ramuka a shagunanmu wanda ba a cika faɗa ba. Idan kana taɓa bayan kwamfutarka kana jin ta ɗan ja ka, ko kana ganin tartsatsi lokacin da kake soka wayar firinta, to wayarin shagonka ba shi da layin ƙasa, wanda masu wayarin ke kira at. Abin ya fi muni idan firinta tana kan janareta, kwamfuta kuma tana kan inbata ko wutar KEDCO, sai wayar USB ta zama ita ce gadar da ke tsakaninsu. Ka sa mai wayarin ya kafa maka ƙarfen at a ƙasa, ka haɗa kwamfuta da firinta da cajar hob a tushen wuta ɗaya, kuma kafin a sauya daga NEPA zuwa inji a kashe kwamfutar. In ba haka ba, sabon katin ma zai bi sahun tsofaffin ramukan.

Wajen saye, ka fara tambaya a Wudil tunda a kan hanyarka take, kuma garin jami'a ba ya rasa masu kayan kwamfuta. Hob da kibod ba za su yi wuya ba. Kati kuwa an fi samunsa a cikin Kano, wajen Beirut Road da Sabon Gari da Farm Centre. Kafin ka tashi, ɗauki hoton cikin kwamfutarka da waya, yadda gurabe za su fito sosai, da hoton takardar da ke manne a jikinta mai lambar samfuri. Ka tafi da had-dis ɗinka, ka ce a gwada hob ɗin da shi a gabanka, a kwafi babban fayil ka ga ko zai yanke. Ka kuma yi magana da mai kaya a kan canji tun kafin ka biya.

Abu ɗaya da kati ba zai gyara ba: Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, kuma kowane sabon rami wata ƙofa ce ga bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli a filash ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Ka ware rami ɗaya na filashin kwastomomi, ka riƙa bincikarsa kafin ka buɗe, kuma kada ka bar had-dis ɗin ajiyarka a jone duk yini.

Don haka, Malam, ka fara da F10 da tocila yau ɗin nan, ka nemi kibod da maus na PS/2, sannan in ka shiga Kano ka sayo katin PCI Express mai gajeren ƙarfe, in kana da gurbinsa. Ka gaida mana ƙanen naka. Allah ya sa albarka a sana'a.